Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Motar Hannu Mai Lafiya da Kuɗi Kaɗan

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin sayen mota ya canja a Katsina da Daura. Da, kuɗin motar kawai mutum ke tambaya. Yanzu sai ya haɗa da abin da za ta riƙa sha kullum da abin da za ta ci a gareji. Mai kuɗi kaɗan sau ɗaya yake da damar saye, in ya faɗa rami babu na sake wata. Motar da ta dace da shi ita ce wadda makanikan garinsu suka san cikinta, kayan gyaranta na kusa, takardunta kuma ba su da tabo. Fenti da rediyo da ƙafafu masu walƙiya duk a baya suke zuwa.

Abin da za ka tanada kafin ka fita

Babban kayan aikinka makanike ne, naka na kanka, wanda kai za ka biya kuɗin yininsa. Kada ka yarda da wanda dillali ko mai mota ya kawo. In babu makaniken da ka amince da shi, ɗauki tsohon direban haya daga tasha, irin wanda ya shekara yana jigila tsakanin Katsina da Kano. Kunnensa ya san ƙarar inji. Sauran kayan ƙanana ne:

- tocila mai haske sosai (ta waya ma ta yi, in babu)
- ɗan mayen ƙarfe, a naɗe shi a tsumma don kada ya karce fenti
- farin ƙyalle ko tishu
- kwali ko tsohuwar tabarma ta kwanciya ƙarƙashin mota
- mitar gwada batir, wadda kowane mai gyaran wayarin yake da ita
- na'urar sikanin, wadda ake jona wa kwamfutar mota ta nuna matsalar da ke ciki, ko kuɗin kai motar wurin mai ita
- kuɗin lita 5 na fetur, domin kusan kullum za ka tarar da tankin a bushe, kuma da wannan ake hana mai saye yin gwaji mai nisa

Ka je da rana tsaka ko da hantsi. Ba a duba mota da magariba, ba a duba ta a jiƙe.

Mataki na 1: Raba kuɗinka gida biyu

Cire kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe, ka manta da shi lokacin ciniki. In naira miliyan 3 gare ka, motar miliyan 2 da dubu 400 kake nema. Ragowar na la'ada ne, da canjin takardu, da inshora, da juyen mai, da taya, da gyaran da dole sai ya ɓullo a watan farko. Kuskuren da ya fi yawa ke nan: mutum ya zuba duk abin da ya tara, motar ta shigo gida, bayan sati biyu ta nemi kulochi, ta zauna a ƙofar gida awaki na kwana ƙarƙashinta.

Yi lissafin mai tun yanzu. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. Motar da ke yin kilomita 14 a lita za ta sha lita 11 da ɗan ɗori. Wadda ke yin 9 za ta kusa lita 18. Ninka wannan tazarar da yawan tafiyarka a wata. Shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi zai tsaya a inji mai fulogi huɗu, mai girman lita 1.0 zuwa 1.8. Mai fulogi shida, ko da an karya maka kuɗinta, bar ta.

Mataki na 2: Tsayar da iri biyu ko uku kafin ka ga kowace mota

Wanda ya shiga wurin masu sayar da motoci bai san abin da yake nema ba, abin da ya daɗe bai fita ba za a liƙa masa.

Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita ce wadda ta fi kwanciyar hankali, amma kowa ya san haka, shi ya sa kuɗinta ba ya sauka. Injinta 1.8 sarƙa yake amfani da ita a tayimin (abin da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul ɗin inji), ba bel ba, don haka babu fargabar tsinkewa. Corollar da ta gabace ta, ta 1998 zuwa 2002 mai wannan injin, an san ta da shan baƙin mai idan ringi ya gaji. A duba hayaƙinta da kyau. Pontiac Vibe da Toyota Matrix na 2003 zuwa 2008 injinsu ɗaya ne da na Corolla, kuma Vibe kan zo da ɗan sauƙi. Sai dai fitila da bamba da gilashinta sun fi wahalar samu.

In kuɗin bai kai nan ba, Toyota Yaris ko Starlet, ko Nissan Micra ta 1992 zuwa 2002, su ne masu shan mai kamar ana ɗiga musu. Na cikin gari ne da kai yara makaranta. Ga mai iyali babba da ke loda buhuna zuwa ƙauye, za su gaji da wuri.

Golf 3 kuwa babu garin da za ta tsaya a ƙasar Katsina a rasa mai taɓa ta, kayanta kuma ko'ina akwai. Matsalarta tsufa, kuma mafi yawan waɗanda ke kasuwa sun ci haya har sun ƙoshi. Peugeot 206 da 406 suna da daɗin hanya, Arewa kuma ta daɗe da sanin Fijo saboda kamfanin haɗa ta da ke Kaduna. Sharaɗi biyu: ka ɗauki mai giyar hannu, domin giyarsu ta otomatik ba ta da suna mai kyau, sannan ka tabbata akwai mai wayarin da ya san Fijo kusa da kai. Honda Civic ta 2001 zuwa 2005 ma haka, mai giyar hannu ta fi mai otomatik aminci, kuma bel take amfani da shi a tayimin. In bel ya tsinke mota na tafiya, bawul kan lanƙwashe, gyaran ya koma na buɗe kan inji. Honda gaba ɗaya tana son a riƙa lura da boljoyin ɗin ƙafar gaba, wato gaɓar da ke riƙe taya; duk wanda ya taɓa ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace, wannan ne sanadi.

Gwaji mai sauƙi: shiga shagon kayan gyara biyu a garinku, ka tambayi kuɗin fatar birki, da famfon mai, da shokoba, da fitilar gaba na motar da ke ranka. In an ce sai an aika kasuwar Kofar Ruwa a Kano kan fatar birki ma, to wannan motar ba ta mai kuɗi kaɗan ba ce.

Mataki na 3: Inda ake nema

Mota iri biyu ce a kasuwa: 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda ba a yi mata lamba a nan ba, da ta hannu wadda ta sha titin Najeriya. Da ƙaramin kuɗi, ta hannu za ka samu. Mafi kyawunta ita ce ta mutum ɗaya da aka san shi, malamin makaranta ko ma'aikaci da ke zuwa ofis ya dawo, wanda za a iya nuna maka garejin da yake kai ta. Ka je ka gaisa da wannan makaniken, ka tambaye shi me ya taɓa kwancewa a jikinta.

Dillali yana da amfani, amma ku yanke la'adarsa tun farko, kuma ka nace sai ka ga mai motar ido da ido. Hotunan Facebook da WhatsApp na kira ne kawai. Kada ka tura ko sisi da sunan a riƙe maka motar da ba ka taɓa da hannunka ba.

Mataki na 4: Takardu kafin a buɗe bonet

Wannan ya fi muhimmanci a jiharmu ta Katsina fiye da wurare da yawa, saboda iyakarmu da Nijar ta Jibiya da ta Kongolam. A ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motoci da yawa kuma sun bi ta daji sun shigo ba a biya musu kuɗin kwastan ba. Irin wannan motar, ko ta shekara biyar da lamba a jikinta, ana iya kama ta a hanya, kuma wanda ke riƙe da makulli shi ke da asara.

Nemi takardar kwastan ta asali, da shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota ta VIO, da inshora. Ɗauki lambar da ke kan takardar kwastan, mai farawa da harafin C, tare da shekarar biya, ka je ofishin kwastan da ƙafarka a tantance maka. Zuwa da kai ya fi aike.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, babu O, babu Q a cikinsu. Duba ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da inda aka buga ta a ƙarfen motar, ka gwada da ta takarda harafi bayan harafi. In ka ga alamar walda, ko gugar ƙarfe, ko sabon fenti a daidai wurin, juya ka tafi, komai arha. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, harafi na 10 shi ke nuna shekara: Y na nufin 2000, 1 zuwa 9 kuma 2001 zuwa 2009. Da wannan kake kama wanda ya canja fitilu da bamba ya mai da 2003 ta koma 2007.

In an ce takardun asali sun ɓace, sai da rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, kuma sunan da ke jiki ya zama na wanda ke sayar maka, da katin shaidarsa a hannu. In sunan wani ne, a kawo takardar cinikin da ta haɗa su.

Mataki na 5: Jiki da ƙarƙashi

Tsaya daga gaba ka kalli gefen motar a karkace, yadda haske ke kwanciya a jiki. Inda ya yi tudu da kwari an yi gyara. Bi da mayen ƙarfen nan a kan ƙofofi da kafaɗun taya: inda ya ƙi kamawa, an cike wurin da fila mai kauri. Ɗan gyaran ƙofa ba abin damuwa ba ne a tsohuwar mota. Abin gudu shi ne bugun gaba mai ƙarfi. Buɗe bonet ka dubi ƙarafa biyun da suka miƙe daga gaba suka riƙe inji. In akwai walda ko lanƙwasa, motar ba za ta daina cin taya ba ko sau nawa aka saita ƙafarta. Ɗaga kafet ɗin but, ka cire safaya, ka duba ramin ko ya yamutse ko ya yi tsatsa.

Shimfiɗa kwali ka leƙa ƙasa da tocila. Kana neman ɗigar mai, da tsatsar da ta huda ƙarfe, da robar shaf da ta yage tana fesa giris. Dubi tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Ana yawan yanke ta a sayar, a mayar da bututu. Sabuwar walda a wurin ita ce shaida, kuma dalili ne na rage kuɗi.

Abu uku na musamman a wannan yankin. Motar da ta yi fasa-ƙwauri za ka ga bayanta ya ɗaga fiye da ƙima don an ƙara mata sifirin, wani lokaci an faɗaɗa tanki, cikin but kuma ya sha duka. Motar da ruwa ya ci a ƙasar waje tana warin danshi, da busasshen laka ƙarƙashin kujeru da tsatsa a ƙusoshinsu. Wutarta ba ta ƙarewa da matsala. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuma, za ka gane ta da yankan dashbod, da maɓallin buɗe bonet a ɓangaren fasinja, da wayoyin da aka yi wa ƙari. Duk ukun a bar su.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Tsohuwar taya da zafin kwaltar watan Afrilu ba sa haɗuwa, ko da zanenta bai cinye ba.

Mataki na 6: Inji

Ka gaya wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo. Da isarka ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe da safe. Inji mai ciwo a sanyi yake tona kansa, da ya yi zafi sai ya rufa asiri.

Kafin a tayar, zaro sandar gwada mai ka goge a farin ƙyalle. Baƙi ba laifi ba ne. Mai kalar shayi da madara yana nufin ruwa ya haɗu da mai, wato gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. Mai kauri yana jan zare kamar zuma kuma an zuba ne don a danne ƙara. Buɗe murfin zuba mai ka haska ciki. In ka ga baƙin ƙulli kamar kwalta, mai motar ba ya juye a kan lokaci.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, da ta mai, da ta batir, da ta jakar iska, dole duka su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an rufe ta.

Tun inji na da sanyi, cire murfin lagireto, sannan a tayar. In kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa na tsartuwa, gasket ya tafi. Kada ka kuskura ka buɗe wannan murfin in mota ta yi zafi. Ruwan zai ƙone ka. Ka tsaya a baya lokacin da ake tayarwa, a kuma taka totur: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ne ke ƙonewa, ringi ko robar bawul sun gaji, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuwa fetur ne ke wuce ƙima, gyaransa ya fi sauƙi amma aljihu zai ji kafin a gyara. Ƙarar ƙwal-ƙwal mai nauyi daga ƙasan inji wadda ke ƙaruwa da totur, wannan injin yana hanyar bugawa. Babu ciniki.

Lura da fanka. In tana kamawa da zarar an murɗa makulli kuma ba ta tsayawa, an haɗa ta kai tsaye, galibi kuma an cire tamostat, mai daidaita zafin inji. Makanikai da yawa na yin haka da sunan ƙasarmu da zafi, amma sau da yawa wata matsalar zafi aka ɓoye, kuma injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai. Tambayi dalili, ka ga yadda za a amsa.

Ɗora mita a kan batir: wajen 12.4 zuwa 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Ƙasa da haka oltaneta ba ta caji. A sa sikanin in motar ta karɓa. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 duk suna karɓa. In babu na'urar, ka tsawaita gwajin tuƙi, domin fitilar da aka goge da kwamfuta takan dawo bayan 'yar tafiya.

Mitar tafiya kada ka ba ta gaskiya, ana juya ta. Dubi robar feda, da sitiyari, da kujerar direba. In mil take ƙirgawa, ninka da 1.6 ka sami kilomita.

Mataki na 7: Gwajin tuƙi

Minti 30 aƙalla, rediyo a kashe. Zagayen unguwa ba gwaji ba ne. Fita hanyar Kano ko ta Mashi ka kai gudun 90 zuwa 100, sannan ka shiga hanya mai gargada da yashi, ka dawo cikin cunkoson gari da na'urar sanyaya a kunne. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya ko ƙasa kaɗan. In ta fara hawa a cunkoso, watan Afrilu zai kashe injin.

A giyar hannu, ja hambirki, saka lamba uku, ka saki kulochi a hankali. Inji ya kamata ya mutu. In ya ci gaba da aiki, kulochi ya cinye. A otomatik, taka birki ka sa D, sannan R: ta shiga cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, babu duka. In inji na ihu kafin giya ta kama, ko man giyar ya yi baƙi yana ƙauri maimakon ja, bar ta. Kuɗin giyar kaɗai zai cinye abin da ka ajiye.

A fili, karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, dama da hagu. Ƙarar ƙas-ƙas shaf ne. A miƙaƙƙiyar hanya sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ƙarfi ka ji ko feda na rawa. Da kun dawo, a ɗaga ƙafafun gaba da jak a girgiza taya sama da ƙasa, hagu da dama. Bar ta tana aiki minti biyar a wuri mai tsabta, ka matsar da ita ka dubi ƙasa.

Mataki na 8: Ciniki da biya

Rubuta duk abin da kuka gano, makanike ya sa wa kowanne kuɗi, ka cire daga tayinka. Taya, batir, shokoba, fatar birki da shaf abubuwan ragi ne. Inji, giya, shasi da takardu abubuwan fasawa ne. In aka ce maka wani Alhaji na hanya da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya sa rabonsa ce.

In za ka ba da kafin alƙalami, ya zama kaɗan, a rubuce, da sharaɗin za a mayar in takardu ba su tantance ba. Biya ta banki, cikin asusun mai sunan da ke kan takarda. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar inji, lambar mota, kuɗi da kwanan wata, da hoton katin shaidar mai sayarwa, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. Karɓi takardun asali da makulli na biyu a wurin, kafin ka tashi.

Mataki na 9: Satin farko

Je ofishin lasisin motoci na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha a mayar da mallaka sunanka, kada ka bari sai ranar da KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar Katsina, ko jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da kai. Inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Wadda ake bayarwa a gefen titi da rabin wannan kuɗin takarda ce kawai.

Juye baƙin mai da filta ko an rantse maka jiya aka yi. Ƙananan motocin nan lita 3 zuwa 4 suke ci. Canja filtar iska, domin ƙurar hunturu na toshe ta da wuri, a duba fulogi, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na kanti maimakon ruwan rijiya mai sa tsatsa. In motar mai bel ce, kamar Golf, Fijo ko Civic, kuma babu wanda zai iya nuna maka ranar da aka canja shi, a canja bel ɗin tare da famfon ruwa a wannan satin, ka rubuta kilomitar da kwanan watan a cikin murfin bonet.